Fofin Aktik da fofin tsaunukan Alps: ɗaya ne ko daban?

Ƙanena da ka tambaya jiya ko furen fofi (poppy a Turanci) na Aktik, can ƙarshen arewacin duniya, da na Alps, tsaunukan Turai, duk abu guda ne tunda dukansu cikin ƙanƙara suke, kuma malaminku na botani a Aliero ya ce ku kwatanta su, to ba ɗaya ba ne, amma 'yan ɗaki guda ne.

Kafin mu tai nisa, ka san kwarko, ƙayar nan mai fure rawaya da ke fitowa bakin fadama da juji, in ka karya ta ruwa rawaya ya ɓullo? Danginsu ɗaya, Papaveraceae. To ka cire ƙayar, ka gajarta tsiron ya koma bai wuce taƙi ɗaya ba, ganye duk a ƙasa, kara guda tsirara da fure guda a kai, ka samu kamannin duka biyun.

Na Alps shi ne Papaver alpinum, masanin tsirrai Linnaeus ya sa mai suna tun 1753. Shina zaune can sama cikin tsakuwar farar ƙasa da ke gangarowa daga dutsi, a Ostiriya da Suwizalan da Italiya da Faransa, har tsaunukan Pyrenees da Carpathian, saiwarshi doguwa ce don tsakuwar ba ta zama wuri ɗaya. Iri-iri ne, wani fari wani rawaya, irin da ake kira sendtneri fari ne, rhaeticum rawaya, kowane da tsaunin da ya riƙe. Kuromosom ɗinshi, wato zaren gado da ke cikin ƙwayar halitta, 14 ne, babu rikici.

Na Aktik kam nan aikin yake. Papaver radicatum ne sunan da anka fi sani, a Girinlan da Aisilan da Norwe da arewacin Kanada, sai 'yan uwanshi Papaver dahlianum a tsibiran Svalbard da Papaver lapponicum, sai wasu tari a Saberiya da Alaska, sun zagaye saman duniya kaf. Har a tsibirin Kaffeklubben na arewacin Girinlan, sama da digiri 83, an samu fofin Aktik, daga can tsiro mai fure ya kusa ƙarewa. Kara da ƙunshin furen duk gashi ne baƙi-baƙi don riƙe ɗumi, furen kuma ya yi kwarmi kamar dish ɗin setilait, shina juyawa shina bin rana wadda lokacin zafinsu ba ta faɗuwa ko da tsakar dare, sai cikin furen ya fi iskar waje ɗumi, ƙudaje su shigo shan ɗumi, iri kuma ya samu ya nuna kafin ƙanƙara ta dawo. In ƙwarin ba su zo ba ma shina iya yi wa kanshi barbara. Yankin Nunavut na Kanada har a tambarinsu sun sa shi.

Kuromosom fa? lapponicum 56, radicatum da dahlianum 70, wato ninki takwas da ninki goma na 7, adadin tushe, alhali 14 na Alps ninki biyu ne kawai. Ni a wurina wanga ne babban bambancin ba launi ba. Zamanin ƙanƙara ya yi ta koro na Aktik kudu su koma arewa, suna haɗuwa suna gauraya suna ninkuwa, na Alps kuwa da ƙanƙarar ta janye sai kowane ya maƙale kan tsauninshi shi kaɗai. Shi ya sa masana ba su taɓa daidaitawa kan adadin na Aktik ba, masanan Rasha sun fi son rarrabawa su ba kowane suna, wasu su tattara da yawa ƙarƙashin radicatum, kuma kowa da hujjarshi.

Ka kula da abu biyu wajen rubutu. Tsoffin littattafai sun sa su duka a wani sashe na jinsin Papaver mai suna Meconella, amma a 2022 masanin tsirrai Banfi da abokan aikinshi sunka fitar da sashen ya zama jinsi daban, Oreomecon, don haka in ka ga Oreomecon alpina kar ka ruɗe, Papaver alpinum ne, ka rubuta sunan biyu ka huta. Sai Papaver nudicaule da ake saidawa a lambunan Turai da sunan fofin Aisilan, asalinshi Saberiya ne da yankin Asiya, ba ɗan Aisilan ba ne ko kaɗan.

In kuma kana tunanin ko su ne fofin ƙwaya da hukumar NDLEA ke yaƙa, a'a, wancan na ofiyom Papaver somniferum ne, dogo, shekara ɗaya yake yi ya mutu, waɗanga kuwa suna daɗewa shekaru a wuri guda kuma ba don ƙwaya ake kula su ba.