Ƙarfen jan kafet: na gwiwa ya isa ɗaki, falo sai mai dogon bututu

Duk wanda ya zauna a Agege ko Idi-Araba ya san yadda aka saba shimfiɗa kafet mai cika ɗaki a nan Legas. A warware shi, a datse gefe da reza, a shafa gam a bakin ƙofa, a jera kujeru a kai, an gama. Da rani zai kwanta lafiya lau. Amma da damina ta kankama wajen Yuni da Yuli, iska ta cika da laima, sai bayansa ya saki, tsakiyar falo ya fara tozo. Mahaifiyata tana tare da mu, ƙafarta ba ta ɗaguwa sosai, kuma ta falo take bi da asuba zuwa alwala, sau da yawa babu wuta. Saboda ita na ƙudura cewa sabon kafet ɗinmu jan sa za a yi, ba ajiye shi kawai ba.

Na sayi ƙarfen ja na gwiwa, wanda masu sana'ar ke kira kika. Tsawonsa wajen rabin mita ne. Gaba yana da kai mai haƙora, da abin murɗawa da ke fito da haƙoran ko ya mayar da su ciki, baya kuma matashi ne mai kauri inda ake duka. Nauyinsa ya yi mini, ba ya rawa a hannu.

Sai dai shi kaɗai ba ya aikin komai. Dole a fara kewaye ɗakin da siraran katako masu ƙananan ƙusoshi, giripa, bakin ƙusoshin yana kallon bango, a bar tazarar da ba ta kai santimita 1 ba tsakaninsu da bangon, inda za a cusa bakin kafet. A nan wahalar take, domin an ƙera tsarin ne da gidaje masu daɓen katako a rai, mu kuwa siminti ne da tayil. Ƙusar kankare takan fasa tsohon daɓe ta bar rami, a kan tayil kuma ba ta shiga ko kaɗan. Wani dattijo Bakano da ya daɗe yana wannan aiki a unguwarmu ne ya leƙo, ya ce, "Alhaji, yayyanka katakon guntu-guntu ka sa masa gam mai ƙarfi, ka bar shi ya kwana. In ka ja kafin ya kama, da shi za ka taso." Haka na yi, kuma har yau babu wanda ya motsa. Shi kansa kafet ɗin na buɗe shi ya kwana a ɗakin, sannan na shimfiɗa soson da ake sawa a ƙarƙashin kafet.

A ɗakin kwana, mai mita 3 da 'yan kai, ƙarfen ya burge ni ƙwarai. Ana kafa haƙoran kamar santimita 8 daga bango, a riƙe da hannu ɗaya, a buga matashin da ƙasan cinya, saman ƙoƙon gwiwa kaɗan, ɗaya hannun kuma ya danna kafet a kan ƙusoshin kafin ya koma. Kana jin ƙarar kamawar, ƙaras. Saitin haƙoran shi ne sirrin: in sun yi gajere sai su zame su tsefe gashin, in sun yi tsawo su huda har soso su tattaro shi. Na gwada a kan ragowar yanki har na samu daidai. A kusurwoyi da bakin ƙofa da ƙarƙashin wadirof babu abin da ya kai shi.

Falo ne ya nuna iyakarsa. Namu mita 5 ne a tsaye. Ƙa'idar da cibiyar masu kafet ta Amurka ta shimfiɗa ita ce a ja irin wannan kafet mai bayan roba da kashi 1 zuwa 1.5 cikin 100 na tsawonsa, wato a falona santimita 5 zuwa 7 da rabi. Dukan gwiwa ba ya kai nan. Yana jan abin da ke kusa da bango ne kawai, tsakiya na nan sake. Ga kuma ciwo. Kafin la'asar gwiwata ta dama ta yi tsami, ruku'u da sujada sai a hankali. Ba raki ba ne: tun 1990 hukumar lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta fitar da gargaɗi a kan raunin gwiwa tsakanin masu shimfiɗa kafet, ta ba da shawarar a koma ga babban ƙarfen ja. Abin yana taɓa ni idan na tuna samarinmu da ke wannan duka kullum don neman abinci.

Dattijon nan ya ba ni hayar nasa babban. Bututu ne ake harhaɗawa har ya tokare bangon da ke fuskantarka, a sa faffaɗan katako a bayansa don kada ya ci filasta, sannan a danna mariƙinsa zuwa ƙasa da hannu. Ɗan yayana ya tsaya wajen katakon yana cewa, "Kawu, yana tafiya!" Da idona na ga tozon yana miƙewa daga tsakiya, ba duka, ba haki. Da muka gama, falon ya ɗaure kamar fatar ganga. Damina ta zo ta wuce bai tashi ba, Hajiya kuma tana ratsa shi cikin duhu hankalina kwance.

Ban yi da-na-sanin sayen na gwiwa ba, domin ko da babban sai an nemi ƙaramin wajen maƙala bangon farko da gyara kusurwa. Amma ɗakin da ya haura mita 4, a nemi hayar mai bututu. Kuma a riƙa shafa wa haƙoran ɗan mai kafin a ajiye, a goge kafin aiki, don iskar Legas ba ta jimawa take sa musu tsatsa.