Boxer ko Jincheng? Amsa ga ɗan uwanmu na yankin Taura

Salam. Ɗan uwa ka ce ka sayar da riɗi ka haɗa 'yan kuɗi, kana so ka sayi mashin na hannu, kuma biyu aka kawo maka, Boxer da Jincheng mai hayaƙi, aikin da za ka ba shi shi ne gona da cin kasuwa da kuma shiga Kano jefi-jefi. Toh ni dai tun zamanin Suzuki da Yamaha nake kan mashin, na hau na gyara na yi doguwar tafiya da su, kuma in ka bi ta tawa Boxer za ka ɗauka, amma da sharaɗi, sharaɗin kuwa shi ne baƙin mai.

Bambancinsu daga inji ya faro. Jincheng AX100 ɗan Chana ne, an kwaikwayo shi daga Suzuki AX100 na Japan, injinsa tu-sitirok ne, wato ba shi da bawul ba shi da taimin cen, man 2T yake ƙonawa tare da fetur shi ya sa yake hayaƙi. Boxer kuwa na kamfanin Bajaj ne na Indiya, fo-sitirok, baƙin mansa yana kwance a cikin inji yana zagayawa, sai dai a juye a zuba sabo.

Wajen gyara gaskiya Jincheng ya fi sauƙin kai. Duk bakaniken da ke gindin bishiya a ƙauye zai buɗe shi ya sa fistin da ringi kafin ka gama cin tsire, kai ma da kanka in kana da sifana da fulogi na ajiya a aljihu ba za ka kwana a daji ba. Ga shi ba nauyi, in ka shiga rairayin wajen Babura ko Garki ya nutse, sauka kawai za ka yi ka turo abinka. Amma fa ka san halinsa, yana cin fulogi, salansa tana toshewa da baƙin dauɗa har sai an cire an ƙona ta, kuma da yawa an kashe musu famfon 2T ana zubawa a tanki da ƙiyasi, ran da yaro ya ɗauka ya sha mai bai zuba ba shi ke nan fistin ya kama.

Inda Boxer ya kayar da shi kuwa shan mai ne. Da can ba ma damuwa, amma tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023 lissafi ya canza gaba ɗaya. Mai Jincheng fetur zai saya ya ƙara da 2T a kai, kuma tankinsa ya riga na mai Boxer ƙarewa a hanya ɗaya da kaya ɗaya. Mutumin da zai ci Gujungu ran Lahadi, ya leƙa Maigatari ran Alhamis, ya je Wudil ran Juma'a, wlh a wata ɗaya zai ji bambancin a aljihunsa. Ga ɗaukar kaya, kujerar Boxer doguwa ce shimfiɗaɗɗiya, ka ɗora buhun gero a baya ka zauna daram, ko ka goya mai ɗaki da yaro zuwa asibiti ba wanda zai takura. A doguwar hanya ma haka, ka miƙe titi daga Ringim zuwa Kano yana tafiya da sanyin murya, shi kuwa Jincheng in ka matse masa wuya ba hutawa sai ya ɗau zafi, dole ka tsaya ya huce. Ka tuna dai tun 2013 aka hana acaɓa a cikin birnin Kano, saboda haka in da niyyar haya a ranka, a ƙauye za ka yi ta.

Yanzu ga sharaɗin. Abin da ke kashe Boxer a ƙauyukanmu ba hanya ba ce, ganganci ne da baƙin mai, kuma abin yana min ciwo in na ga an turo mashin mai kyau inji ya buga saboda kuɗin juye. Wajen lita ɗaya fa kawai yake ci. Mutum zai yi wata da watanni bai juye ba, ko ya sayi na kwalba a bakin titi wanda ba a san asalinsa ba, to ranar da ya buga kuɗin da za a kashe ya ninka na gyaran Jincheng nesa ba kusa ba. Da damina in kun ratsa ruwa a fadamun Auyo ko Miga, ka zaro sandar awo ka duba, in ka ga man ya yi fari kamar koko ruwa ya shiga, kar ka ƙara tayar da shi sai an juye. Da hunturu kuma soson iska, a wanke shi a kai a kai don ƙura ita ke cinye ringi. In ka san ba za ka iya wannan kulawar ba, ko mashin ɗin na gida ne kowa ɗauka yake, to gara ka sayi Jincheng ɗin ka huta.

Ranar saye kar ka je kai kaɗai, tafi da bakanikenka, kuma ku je da sassafe inji na sanyi, don wanda aka riga aka ɗumama yana ɓoye ciwonsa. Jincheng in ya yi hayaƙi ɗabi'arsa ce, amma Boxer in ka ga hayaƙi a salansa to ringi ya tafi, a rage kuɗi ko ka haƙura. Ka saurari kan inji ko akwai ƙarar taimin cen, ka duba haƙoran sifaket da kaca, ka danna shokozoba ka ga ko tana zubar da mai, ka leƙa ƙarƙashin kujera ko an taɓa yi wa ƙashin walda. Sannan dan Allah rasit, a gwada lambar inji da ta bodi da abin da ke takarda, a yi ciniki gaban shaidu, in da hali mai unguwa ya sani, domin Boxer yana da kasuwa ko ya tsufa, shi ya sa ɓarayi suka fi sa masa ido. Ka ware kuɗin kwaɗo da sarƙa da hular kwano tun kafin ka biya. Allah ya sa a hau lafiya.