Kamfani ko Gadina: Wa Za a Ba Kula da Ciyawar Gida?

Tun da na shuka ciyawar ƙiri-ƙiri a farfajiyata a Kaduna, mutane ke tambayata: kamfanin kula da ciyawa za su ɗauka ko gadina?

Kamfani na zuwa da injinsa da fetur da maganin feshi, a yanke ciyawa, a zuba taki, a tafi. Kowane zuwa da kuɗinsa, kuma da damina, lokacin da ciyawa ke tofowa da sauri, zuwan yakan ƙaru. Gadina kuwa albashi ne duk wata, amma sayen inji da gyaransa na wuyanka.

Inda na fi damuwa shi ne rani. Daga Nuwamba zuwa Afrilu ciyawa ban-ruwa take nema, da sassafe ko da yamma, kuma wanda ke zuwa sau 2 a wata ba zai iya wannan ba. Gadina ne zai fara ganin gara ta shiga. Sai dai ba kowane gadina ne ya san ma'aunin magani ba, idan maganin ya yi yawa yakan ƙona ciyawa, ga yara na wasa a kai.

Makaranta ko otal mai babban fili, kamfani ya fi dacewa da su. Ƙaramin gida mai rijiyar burtsatse kuwa, gadina amintacce ya wadatar.