Anturiyum a falon Agege: shukar ta ci kuɗinta, ƙasar tukunyar ce matsala

Anturiyum wata shukar ado ce da ke fitar da wani abu ja mai kama da fure. Wanda ke falona a Agege, Legas, na saye shi ne wajen masu sayar da furanni na bakin titi a Ikeja, kuma kuɗinsa ya ɗara na sauran shukokin da ke jere kusa da shi. Yanzu da ya ga damina da hunturu a hannuna, zan iya cewa ya ci kuɗinsa. Jan nan mai sheƙi da baƙi ke taɓawa su ji ko roba ce, ganye ne da ya sauya kama. Ainihin furannin mitsi-mitsi ne, suna jikin ɗan tsinken da ya fito a tsakiya. Jan yana daɗewa ƙwarai, nawa yakan kai wata biyu bai yi yaushi ba, kafin nan wani ya leƙo.

Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne ƙasar da aka dasa shi a ciki, baƙa mai nauyi wadda ke dunƙulewa da zarar ta sha ruwa. Na ce wa dattijon da ke kula da wurin, "Baba, wannan ƙasar ba ta yi masa nauyi ba?" Ya ce da ita suke dasa komai. To, ba komai ne ke jure ta ba. Asalin wannan nau'in dazuzzukan Kolombiya da Ekwado ne, inda yakan maƙale a jikin bishiyoyi, saiwoyinsa masu kauri suna shan iska. In aka danne su cikin laka a Legas, garin da a watan Yuni ko shanya ba ta bushewa, ruɓewa za su yi, ganye ya koma ruwan ɗorawa. Mai shi ya ɗauka ƙishi ne, ya ƙara ruwa, ya ƙarasa shi. Abin yana min ciwo, don mutum ya kashe kuɗi ba a faɗa masa wannan ba.

Ni dai na juye shi cikin tukunya mai huji a gindi, na haɗa daddatsattsen ɓawon kwakwa da ƙananan gawayi da ƙasa kaɗan. Ɓawon kwakwa ba ya wuyar samu, ga Badagry, garin kwakwa, nan kusa, amma a jiƙa shi a wanke sosai saboda gishiri. Ba na ba shi ruwa sai na tura yatsa na ji saman ya bushe, kuma na fi son ruwan sama a kan na rijiyar burtsatse.

Yana son haske amma rana tsaka tana ƙona ganyensa, don haka bayan labule mai shara-shara kusa da taga ne wurinsa. Laimar Legas ta dace da shi. Sai dai a Disamba da Janairu, in iskar hunturu ta sauko, bakin ganyen yakan bushe, haka ma in an ajiye shi daidai inda na'urar sanyaya ɗaki ke busawa. Lokacin nakan goge ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma.

Masu ƙananan yara su kula sosai. Danginsa ɗaya da gwaza, kuma abin da ke sa ɗanyen gwaza ƙaiƙayi yana cikin ganyensa da ruwan jikinsa. Yaro ko kyanwa suka tauna, baki da maƙogwaro za su yi raɗaɗi har su kumbura. A ɗora shi inda hannun yaro ba zai kai ba, a wanke hannu bayan an yanke busasshen ganye.