Yawon babur mai taya huɗu a hamadar Hurgada: ya ci kuɗinsa, amma kada ku yarda a jera ku layi ɗaya

Mu da muke haɗa tafiyar rukuni daga Kaduna zuwa Masar, tambayar da aka fi yi mana bayan kuɗin jirgi da masauki ita ce ko yawon hamada a kan babur mai taya huɗu ya dace da ayari mai yawa, wanda ya haɗa da iyaye mata da samari da dattawa. Ya dace, kuma a cikin abubuwan da ake tallata wa baƙi a Hurgada yana cikin waɗanda ba a yin da na sani a kansu. Sai dai yadda kamfanoni suke shirya shi ga kowa da kowa bai dace da babban rukuni ba. In madugu bai zauna da su ya sauya tsarin tun kafin a biya ba, mutum goman farko ne za su sha daɗi, saura su sha ƙura.

Hurgada tana bakin Bahar Maliya, sama da kilomita 400 kudu maso gabashin Alƙahira, tafiyar awa biyar zuwa shida a bas, ko kusan awa ɗaya a jirgi. Wanda ya sa rai da tuddan yashi irin na hoto ya rage buri. Filin da ake hawa shimfiɗaɗɗe ne, tsakuwa da ƙasa mai tauri, da gurbin yashi mai laushi nan da can, duwatsu kuma sun yi jere daga yamma. Yawan bin da ake yi ya sa hanyar ta yi gargada, kuma wannan gargadar ce take gajiyar da kafaɗa da ƙugu fiye da komai.

Kamfanin da muka yi hulɗa da shi ya cika alkawari wajen ɗauka daga masauki a kan lokaci, baburansa kuma duk sun tashi. Inda aka soma ɓata lokaci shi ne sansani, wato wurin da ake karɓar baburan a tashi. An tallata awa uku, amma zaman da ake yi a kan babur bai kai rabin haka ba. Kowa sai ya sa hannu a takarda, a ɗaura masa rawani, a gwada masa hular kwano, a zaunar da shi ya zagaya filin gwaji. In kowane mutum ya ci minti biyu kacal, mutum 30 sun cinye awa guda kafin ayari ya tashi. Maganin wannan a Kaduna ake yin sa: a karɓi takardar ta WhatsApp tun da wuri, a fassara wa kowa, a tura sunaye da shekaru, a kuma sayi mayafin rufe fuska da tabarau mai roba, irin na masu aikin ƙarfe da ke manne wa fuska. A Panteka ko kasuwar Sheikh Gumi za a samu da rahusa. A sansani ana sayar da su, amma da tsada, kuma babu wanda yake taya farashi da kyau alhali ayari na jiransa. Akwai wani dalilin kuma: ma'aikatan sansani maza ne, da hannu suke naɗa rawanin su soke bakinsa a gefen kunci. Matanmu ba za su so haka ba. Mace ɗaya ta kalli yadda ake yi sau ɗaya, ta ɗaura wa saura.

Takardar nan a karanta ta da kyau. Abu biyu take cewa: rauni ba ya wuyan kamfani, ɓarnar babur kuma tana wuyan mahayi. Don haka kafin kowa ya hau, ya zagaya babur ɗinsa da waya ya ɗauki hoton duk inda roba ta tsage ko fitila ta fashe. Ya matse birkin hannu ya tura, ya ga ko zai riƙe. Ya danna totur ya saki tun inji yana kashe, ya tabbatar yana komawa da kansa, domin yashi na shiga ya sa ya maƙale. Ya nemi jan maɓallin kashe inji ya san inda yake. Tayoyin za su yi kamar ba su da iska, kuma haka ake so, domin awon iskarsu bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na tayar mota ba. Abin dubawa shi ne ta hagu da ta dama su yi daidai, in ba haka ba babur zai riƙa jan gefe. Inshorar tafiya da yawa ba ta ɗaukar wannan hawan sai an ƙara shi a rubuce, a tambaya tun a gida.

Abin da ya kamata kowane madugu ya sani shi ne, waɗanda suka fi ba da wahala ba Hajiyar da ba ta taɓa riƙe kan babur ba ce. Ita tana jin tsoro, tana sauraron bayani, tana tafiya a hankali. Masu matsala su ne samarin da suka tashi a kan babur tsakanin Kawo da Tudun Wada, domin duk abin da jikinsu ya saba da shi a nan kuskure ne. Babur mai taya biyu ana kwantar da shi ne a kwana. Wannan ba ya kwanciya: da ƙarfin hannu ake juya kansa, mahayi kuma ya zame da ƙugunsa zuwa cikin kwanar. Tayoyin baya a yawancinsu sanda ɗaya ce ta haɗa su, suna juyawa tare, shi ya sa babur ɗin yake son miƙewa. In aka shiga kwana da gudu, mahayi yana zaune tsakiya ƙiƙam, tayoyin ciki za su ɗaga, abin ya kife zuwa waje. Na biyu shi ne sa ƙafa a ƙasa. Mai babur da ya ji zai faɗi, ƙafa yake saukewa ba tare da tunani ba, a nan kuwa tayar baya tana dab da diddige, za ta kama ƙafar ta ja ta ƙarƙashi. Nauyin babur ɗin ya haura kilo 150. Na uku totur: ba murɗawa ake yi ba, ɗan harshe ne da ake dannawa da babban yatsan dama. Idan gargada ta jijjiga mutum ya damƙe kan babur don kada ya faɗi, yatsan yakan danna totur ba da niyya ba, sai ya yi tsalle ya daki na gaba. Bayan minti ashirin yatsan zai soma sagewa. A riƙa dannawa da gindin yatsa maimakon kansa, a kuma ɗan ɗaga daga kujera a kan gargada, gwiwa ta sha jijjigar.

Jagoran kamfani zai faɗi waɗannan cikin minti biyu da Turanci haɗe da Larabci, ga ƙarar inji. Babu wanda yake ji. Madugu ya tara mutanensa a masauki daren jajibiri ya faɗa da Hausa.

Yanzu batun layi, wanda shi ne ya sa muka rage wa kamfanin maki. Ƙa'idarsu jagora ɗaya a gaba, kowa ya bi sawunsa, ba a wuce juna. Ga mutum takwas wannan ya wadatar. Ga mutum 30 sai a yi lissafi. A gudun kilomita 30 a awa, babur yana cin kimanin mita 8 a daƙiƙa. Tazarar da za ta ba mutum damar tsayawa a kan tsakuwa ita ce daƙiƙa uku, wato mita 25. Babur 30 a wannan tazara sun kai tsawon kusan mita 800. Jagora ba ya ganin ƙarshen layinsa ko da babu ƙura, balle da ita. Abin da ke faruwa kuwa shi ne, na biyar ya ɗan rage gudu a yashi mai laushi, na shida ya taka birki, kafin abin ya kai na ashirin an tsaya cak. Gaba kuma ta riga ta yi nisa, sai na baya su buɗe wuta don su cim mata, cikin ƙurar da ta fi ta hunturun Janairu a hanyar Zariya kauri, ba sa ganin fitilar birkin na gabansu. Shi ya sa ƙarshen layi ya fi haɗarin karo daga baya.

Abin da za a nema a rubuce shi ne a raba ayari gida-gida, kowane gida kada ya wuce mutum goma, da jagora a gaba da mai kora a baya, a bar minti biyar tsakanin gida da gida don ƙura ta lafa. Za su nemi ƙarin kuɗi, a biya, domin in aka raba a kan kowa ba ya da yawa. A kuma ce rukunin ku kaɗai ne, kada a cusa muku baƙi daga wasu masaukai. Wajen jerawa, masu tsoro da mata su bi bayan jagora kai tsaye, inda iska take da tsabta kuma gudu yake daidai. Kuskuren da ake yi shi ne tura su baya wai don kada su tare hanya, alhali bayan ne wurin da ya fi wuya. Samari masu zafin kai a tara su a gida ɗaya, a ba su jagoran da ba ya wasa, su tashi a ƙarshe. A kuma sami mota ɗaya mai bin ayari, ɗauke da ruwa da akwatin magani da makanike. A cikin babur 30 da wuya a je a dawo ba wanda ya tsaya: ko sarƙa ta zame, ko ƙura ta toshe matatar iska inji ya riƙa shaƙewa, ko bel ya yi zafi ya soma warin roba, musamman a babur ɗin da aka yi goyo. In babu mota, mutum ɗaya ya tsayar da kowa a rana.

Goyo ma ba mu ba da shawararsa, ko da yake ya fi araha kuma ma'aurata suna so. Yawancin baburan na mutum ɗaya ne, nauyin na baya yana rage wa gaba nauyi, kuma direba ba ya iya zamewa a kwana. Yaron da bai kai shekara 16 ba kada ya tuƙa babban babur, masu ƙera su ma haka suke rubutawa a jiki, ko da ma'aikacin sansani ya ce ba komai. Mai juna biyu, mai ciwon baya, da wanda bai daɗe da yin tiyata ba, su shiga mota. Wannan na ƙarshe muna nanata shi, domin da yawa daga cikin masu zuwa Masar asibiti ne ya kai su.

Sutura: dogon hijabi da abaya da babbar riga duk suna iya sauka kan sarƙa ko sandar tayoyin baya, kuma in ta kama ba ta saki. Mata su sa wando mai kauri a ciki da riga iya gwiwa, hijabin a tattare shi a cusa cikin rigar sama. Maza su bar kaftani mai tsawo a masauki. Takalmi rufaffe ga kowa, saboda zafin inji da salansa a gefen ƙafa. Ruwa aƙalla lita ɗaya da rabi ga kowane mutum, waya kuma cikin leda mai zif.

Zangon da ake yadawa a wurin Larabawan ƙauye ya yi kyau daidai gwargwado: shayi mai zaƙi a ƙananan kofuna, gurasa da ake gasawa a kan faifan ƙarfe a gabanka, da hawan raƙumi na 'yan mintuna wanda ba zai burge ɗan Arewa ba. Banɗaki kaɗan ne ga ayari, a kama ruwa tun a sansani. Ba a sa lokacin salla a jadawali, amma jagororin Musulmi ne, da an faɗa za su tsaya. A ɗauki jarkar alwala daban a motar rakiya. A lura alƙibla a can kudu maso gabas take, ba inda muka saba fuskanta a Kaduna ba. Yawon yamma mai haɗe da cin abincin dare yakan zo da kiɗa da rawar mata, wanda ba ya so ya faɗa tun wajen ciniki a cire, ba sai an zauna da surukai a tabarma ɗaya ba.

Mu mun fi son tashin safe ga babban rukuni. Na yamma ya fi kyan hoto, amma komawa ake yi cikin duhu, ga gajiya, ga fitilu marasa ƙarfi cikin ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu yanayi ya fi daɗi, sai dai sanyin asuba yana ratsa jiki a kan babur. Tsakanin Maris da Mayu ana samun iskar hamsin mai ɗauke da yashi, don haka a rubuta cewa in an fasa saboda iska za a maido kuɗi ko a sauya rana. Agogon Masar yana gaban namu da awa ɗaya, tun 2023 kuma suna ƙara awa guda daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba, sai ya zama biyu, a gyara agogo kada direba ya zo ana barci. Lambar motar asibiti 123 ce, ta 'yan sandan kula da baƙi 126, amma sabis yana ɗaukewa kusa da duwatsu, sai a tabbatar jagororin suna da hanyar magana da sansani. Akwai kuma mai ɗaukar bidiyo da zai riƙa gilmawa gefen layi yana ɗaga hannu a yi masa murmushi. A yi ciniki da shi sau ɗaya a madadin kowa kafin a tashi, a kuma gaya wa mutane kada wanda ya saki kan babur don ya ɗaga masa hannu.