Katin Tallinja da bas ɗin Malta: aljihu ya huta, sai dai a yi haƙuri da agogo

Tun ranar 1 ga Oktoba 2022, duk mai katin Tallinja da ke ɗauke da sunansa da hotonsa kyauta yake shiga bas a Malta da tsibirin Gozo. Ga baƙon da ya zo aikin otal, gini, kula da tsofaffi ko ɗakin girki, wannan ba ƙaramin rangwame ba ne, domin kuɗin hayar ɗaki kaɗai ya isa ya cinye kaso mai yawa na albashi. Ƙasar ba ta da jirgin ƙasa tun 1931, don haka wanda ba shi da mota, bas ce ƙafarsa zuwa aiki, kuma ita ce za ta kai shi yawon buɗe ido ranar hutu. Kamfanin Malta Public Transport ne ke gudanar da ita. A wajen kuɗi babu abin kushewa. A wajen lokaci ne ake jin jiki.

Katin ana nemansa ne ta intanet. Za ka sa bayanan katin shaidarka ko fasfo, ka ɗora hoto irin na fasfo, ka biya kuɗin rajista sau ɗaya, sannan a aiko maka da shi ta gidan waya. Nan ne sababbin zuwa suka fi yin tuntuɓe. Yawancin ma'aikata gida suke haɗawa su huɗu ko biyar, akwatin wasiƙa kuma yana ɗauke da sunan mai gida ko na wani da ya tashi tuntuni, sai katin ya ɓace ko ya koma inda ya fito. Kafin ka cika fom, rubuta sunanka a takarda ka manna a jikin akwatin, ka sa lambar ɗaki da sunan ginin kamar yadda suke a ƙofa, don gidaje da yawa a Malta da suna aka san su, ba da lamba ba. Hoton da aka ɗauka da hular sanyi, ko a wuri mai duhu, shi ma yana jawo a mayar da buƙata baya.

Kafin katin ya iso, tikiti za ka saya a wurin direba. A 'yan shekarun nan yuro 2 ne da hunturu, yuro 2.50 daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Oktoba, kuma yana aiki na awa biyu, wato kana iya sauka ka canja wata bas ba tare da sake biya ba. Kada ka yar da takardar. Ana biya da katin banki ta hanyar taɓawa, wanda ya fi sauƙi, saboda direba ba ya son babbar takardar kuɗi kuma ba lallai ya samu canji ba. In ɗan'uwa ya kawo maka ziyara ta mako guda, katin Explore na kwana 7 ya fi masa araha.

Kyautar tana da iyaka. Ta shafi layukan rana da na dare, amma lokacin da aka fara ta a 2022 ba ta shafi layukan Tallinja Direct ba, waɗanda lambarsu ke farawa da TD kuma ba sa tsayawa a kowace tasha. Waɗannan an riƙa cire kuɗi a kansu, don haka a bar ɗan wani abu a cikin katin. Sannan dole ne a taɓa katin a na'urar da ke gefen direba duk lokacin da aka shiga, ko da ba za a cire ko sisi ba. Masu duba tikiti suna shigowa ba zato, wanda bai taɓa ba kuwa tara za a ci shi. Haka wanda ya ari katin abokinsa: hoto ne a jiki, ba a musu.

Ta ƙofar gaba ake shiga, babu kwandasta. In ka hango bas ɗinka, miƙa hannu, in ba haka ba direba zai ɗauka wata kake jira. Kafin tashar da za ka sauka, danna maɓallin tsayawa. Ka kuma tuna cewa a hagu ake tuƙi a Malta, irin na Ingila. Mutum kan tsaya a ɓangaren da bai dace ba ya shiga bas mai lambar da yake so amma mai tafiya akasin inda za shi.

Babbar matsalar ita ce tsarin hanyoyin. Tsawon babban tsibirin bai wuce kilomita 27 ba, amma kusan duk manyan layuka Valletta, babban birnin ƙasar, suke nufa, su tsaya a tashar da ke gaban ƙofar birni kusa da maɓuɓɓugar Triton. Mai zama a kudu da ke aiki a St Julian's sau da yawa sai ya shiga Valletta tukuna ya canja mota, ya ratsa Marsa da Msida inda cunkoso ya fi tsanani da safe da kuma yamma bayan tashi daga aiki. Bas ɗin tare da ƙananan motoci take bin yawancin tituna, in sun tsaya ta tsaya. Tafiyar da taswira ta ce minti ashirin ce tana iya cin awa guda. Akwai kuma abin da ya fi ƙona rai: kana tsaye, ka miƙa hannu, bas ta zo ta wuce saboda ta cika. Wannan ya fi faruwa da bazara a layukan 13, 14 da 16 masu bi ta Sliema da St Julian's, da 222 mai zuwa Cirkewwa, tashar jirgin ruwan Gozo, lokacin da 'yan yawon buɗe ido da ɗaliban makarantun koyon Turanci suka cika gari. Dabarar da tsofaffin zama ke yi ita ce su taka zuwa tasha ɗaya ko biyu baya, kafin inda jama'a suka taru, ko su je farkon layi. Mai shiga aiki ƙarfe takwas ya nufi bas ɗin da ke gaban wadda lissafi ya ba shi. Manhajar Tallinja tana nuna inda motar take, kuma ta fi allon jadawalin da ke tasha gaskiya, amma ba ta hana motar ta iso a cike.

Dare ma akwai gyara. Layukan rana suna tsayawa wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Layukan dare, masu harafin N, ba su kai ko'ina ba, kuma sun fi yawa a ƙarshen mako don kwasar masu fitowa daga Paceville, unguwar gidajen rawa ta St Julian's. Mai aikin gidan abinci da ke tashi ƙarfe ɗaya na dare ranar Talata sai ya kira tasi ta manhajar Bolt ko eCabs, wanda in aka tara a wata ya cinye rangwamen da katin ya kawo. Saboda haka kafin a biya kuɗin ajiya na ɗaki, a duba lokacin bas ta ƙarshe daga wurin aiki zuwa unguwar. Ɗaki mai araha a lungun da bas ba ta zuwa da dare, tsada ce ta ɓoye.

Ranar hutu kuwa katin yana biyan bukata sosai. Layukan 51, 52 da 53 daga Valletta suna ajiye ka a Rabat, dab da ƙofar Mdina, tsohon babban birni mai ganuwa wanda ba a barin motocin baƙi su shiga. Je da sassafe kafin manyan motocin 'yan yawo su sauke jama'a: lungunan suna da ƙunci har inuwa ba ta barinsu, dutsen ginin kalar zuma, daga saman ganuwa kuma ana hango ƙaton kubbar cocin Mosta. Layi na 81 ko 85 yana kai ka Marsaxlokk, inda kasuwar kifi ke ci ranar Lahadi. A bakin ruwan za ka ga kwale-kwalen masunta da aka shafe da shuɗi, ja da ruwan ɗorawa, kowanne da ido biyu a zane a goshinsa. Kifin kirki kafin ƙarfe tara yake ƙarewa, bas ɗin dawowa da tsakar rana kuwa sai an yi da gaske. Layi na 74 yana zuwa Hagar Qim, gine-ginen dutse da suka girmi dalar Masar. Mai neman Juma'a kuma, masallacin Mariam Al-Batool yana Paola, garin da layukan kudu da yawa ke ratsawa. Da bazara kowane gari yana da bikin cocinsa a ƙarshen mako, ana rufe tituna a karkatar da bas, sai a duba sanarwa a manhaja kafin a fita.

Abin da sababbi da yawa ba su sani ba shi ne jirgin fito. Tun Janairu 2024 katin ya shafi ƙananan jiragen da ke tsallakawa daga Valletta zuwa Sliema da kuma zuwa Cospicua. 'Yan mintuna ne a kan ruwa, alhali bas sai ta zagaye gaɓar cikin cunkoso, kuma babu inda ake ganin ganuwar Valletta da kyau kamar daga nan. Illarsa ɗaya: in iskar arewa maso gabas ta taso da hunturu, ana dakatar da na Sliema.

Gozo lissafinsa daban. Layi na 41 ko 42 daga Valletta zai kai ka Cirkewwa, tafiyar da ta haura awa guda, sannan ka shiga babban jirgin Gozo Channel, kusan minti 25 zuwa Mgarr. Wannan ba ya cikin kyauta. Ba a karɓar kuɗi a tafiya, sai a dawowa, yuro 4.65 ga mai tafiya a ƙafa. Daga Mgarr, 301 tana kai ka Victoria, babban garin Gozo, daga can 311 ta kai ka Dwejra, inda shahararriyar tagar dutsen nan ta Azure take kafin ta rufta cikin teku a ranar 8 ga Maris 2017. Layukan ƙauyukan Gozo galibi sau ɗaya suke tashi a awa, don haka wurare biyu, in an matsa uku, sun isa yini. Wanda ya jera biyar zai ƙare ranarsa a bakin titi. Akwai jirgi mai sauri daga Valletta kai tsaye, kusan minti 45, ya fi tsada kuma ana soke shi in teku ta yi fushi.

Mai son tsallakawa Sisili ta Italiya, jirgin Virtu Ferries yana tashi daga Valletta zuwa Pozzallo cikin ƙasa da awa biyu. Malta tana cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da suka buɗe iyakokinsu ga juna, tun 2007, amma sai da fasfo da ainihin katin izinin zama a hannu. Takardar wucin gadi da hukumar Identità, mai bayar da izinin zama, ke bayarwa yayin da ake jiran katin ta zama a Malta ce kawai, kada a sayi tikiti da ita.