Gargaɗi ga masu neman tsofaffin faya-fayan Sibelius: akwai mai sayar da jabu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na san mu da muke sauraren kiɗan gogen Turawa ba mu da yawa a cikin Hausawa, shi ya sa idan aka cuci ɗaya daga cikinmu ya kamata sauran su ji da wuri. An cuce ni dala 60, kuma har yanzu mutumin yana nan yana tallar hajarsa a wani dandalin saye da sayarwa na intanet. Ba zan ambaci sunan da yake amfani da shi ba, don tun da na fara bibiyarsa ya canza suna sau biyu. Salonsa ne bai canza ba, kuma shi zan bayyana muku.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina tara ɗauka iri-iri na konceton goge da Jean Sibelius, mutumin Finlan, ya rubuta. Kiɗa ne mai kashi uku, mai goge ɗaya yana gaba, ƙungiyar makaɗa tana mara masa baya. Wanda bai saba ba zai ce me za ka yi da waƙa ɗaya kwafi ashirin? Amsar tana cikin daƙiƙu talatin na farko. Sauran gogunan suna fara wani rawar sauti can ƙasa-ƙasa kamar sanyin asuba, sai mai goge ya shigo shi kaɗai. Mai goge Jascha Heifetz, a ɗaukar da ya yi da jagoran makaɗa Thomas Beecham a Landan a 1935, yana shigowa kamar tsinin allura, ba ya jira. David Oistrakh, a wadda ya yi da Eugene Ormandy a Filadelfiya a 1959, sautinsa mai kauri ne, mai ɗumi, yana jan numfashi. Ita kuwa Ginette Neveu, 'yar Faransa, tana danna tsirkiya kamar wadda ta san lokacinta ƙalilan ne. A wurina babu kamarta. Wannan son da nake mata shi ne ƙofar da macucin ya shigo ta ciki.

Tallar tasa cewa ta yi yana da ɗaukar Neveu da ba a taɓa fitarwa ba, wai an naɗe ta a wani zaure cike da jama'a a 1948 don gidan rediyo. Ya ce kakansa injiniyan rediyo ne a Turai, ya rasu ya bar akwatin tef a ɗakin ajiya, kuma mutum goma kacal zai sayar wa kafin wani kamfani ya saye haƙƙin. Labarin bai yi mini kama da ƙarya ba, domin irin waɗannan abubuwan suna faruwa da gaske. Akwai ɗaukar rediyo ta Neveu tana kaɗa konceton Brahms a Hambog a 1948 tare da Hans Schmidt-Isserstedt, kuma sananniya ce. Shi kansa Heifetz ya ɗauki wannan konceton na Sibelius da Leopold Stokowski a 1934, bai yarda a fitar ba, sai bayan shekaru masu yawa ta fito. Mutumin ya san wannan tarihin, a kansa ya ɗora ƙaryarsa.

Ya turo mini ɗanɗano na daƙiƙa arba'in daga kashi na biyu, inda gogen yake rera waƙa a kan tsirkiya mafi kauri. Ina ji na ce wannan hannun Neveu ne, ko a mafarki na ji shi zan gane. Na nemi a biya ta hanyar dandalin, ya ce a'a, suna cire kaso mai yawa, in tura masa kai tsaye zai rage mini dala goma. Na tura. Washegari fayil uku suka iso, da hoton wani tsohon kwalin tef mai rubutun hannu.

Kwana biyu ina saurare ina murna. A rana ta uku na kai wa wani dattijo, wanda shi ya fara sa mini faifan garmaho na irin wannan kiɗan tun ina saurayi. Ya rufe ido ya saurari kashi na farko har ƙarshe, bai ce komai ba. Da aka shiga na biyu sai ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Ɗana, mayar da shi baya kaɗan. Mutumin nan mai tari, ai ya yi wannan tarin ɗazu."

Na ce, "Baba, zaure ne, wataƙila mura ke damunsa."

Ya ce, "Mai mura ba ya tari iri ɗaya sak sau uku. Je ka ɗauko wadda ta yi a Landan ka jera su."

Wadda yake nufi ita ce ɗaukar da kowa ya sani, wadda Neveu ta yi a ɗakin ɗaukar sauti na Abbey Road a Nuwamban 1945, tare da Walter Susskind da ƙungiyar Philharmonia da aka kafa a wannan shekarar. Ina da ita har kwafi biyu. Da na koma gida na buɗe Audacity, manhaja ce ta kyauta, na ɗora tawa a sama, tasa a ƙasa, na daidaita su a kan sautin farko na gogen. Da farko kamar ba ɗaya ba ne. Tasa tana riga tawa kaɗan-kaɗan, har a ƙarshen kiɗan, wanda ya ɗan haura rabin awa, ta riga ta da kusan daƙiƙa arba'in. Sautinta kuma ya ɗan ɗaga sama. Sai na rage mata gudu da kashi 2 cikin ɗari. Nan take suka hau kan juna kamar tafin hannu biyu. Duk inda ta ja, nan ta ja. Duk inda baka ya ɗan karci tsirkiya, nan ya karta. Doguwar gaɓar da Sibelius ya sa a tsakiyar kashi na farko, inda makaɗa suke yin shiru mai goge ya kaɗa shi kaɗai yadda ransa ya so, ita ma ta faɗa daidai, daƙiƙa bisa daƙiƙa.

A nan ne nake so ku tsaya, don wannan ita ce hujjar da ba ta da makawa. Babu ɗan adam da zai kaɗa kiɗan rabin awa sau biyu ya fito iri ɗaya sak. Ku gwada da Heifetz: ku jera ta 1935 da wadda ya yi da Walter Hendl a Cikago a 1959. Mutum ɗaya ne, waƙa ɗaya ce, amma kafin minti ɗaya sun rabu, kuma duk yadda ka ƙara gudu ko ka rage ba za su haɗu ba, domin a wani wurin ya yi sauri, a wani ya sassauta. Idan ɗauka biyu suka dace daga farko har ƙarshe bayan gyaran gudu guda ɗaya tak, to ɗauka ɗaya ce. Abin da mutumin ya yi shi ne ya ɗauki faifan 1945 da ake samu ko'ina, ya ɗan ƙara masa gudu don kada tsawon mintocinsa ya tona shi, ya zuba masa ƙarar tsohon tef, ya yayyafa tari, ya liƙa tafi a ƙarshe.

Tafin ma ya ƙara tona shi. Da na sa abin sauraro a kunne, kiɗan duka yana tsakiyar kai, kamar yadda ɗaukar wancan zamani take, amma tafin sai ya baje dama da hagu. Faifan sitiriyo, mai raba sauti dama da hagu, bai shiga kasuwa ba sai 1958. Yaya za a yi masu tafi su samu abin da mai goge ba ta samu ba a dare ɗaya, a zaure ɗaya?

Sai na koma na karanta sauran tallace-tallacensa da idon da ya kamata in karanta su tun farko. Akwai wata wai Neveu ce a watan Maris na 1950. Neveu ta rasu ranar 28 ga Oktoban 1949, jirgin saman da ya ɗauko ta daga Faris zuwa Amurka ya faɗi a kan dutse a tsibiran Azores. Tana da shekara 30, ɗan'uwanta Jean mai kaɗa mata fiyano yana tare da ita, haka ma ɗan damben nan Marcel Cerdan. Yarinyar da ta ci gasar goge ta Wieniawski a Waso a 1935 tana 'yar shekara 15, ta bar Oistrakh a matsayi na biyu, ita ce wani yake sa wa goge a hannu wata biyar bayan mutuwarta don ya samu dala. Wannan ya fi kuɗin yi mini ciwo.

Akwai kuma wata wai Heifetz ne yake kaɗa asalin konceton na 1904. Wanda ya san tarihin kiɗan ya san wannan ba zai yiwu ba. An fara kaɗa shi a Helsinki a Fabrairun 1904, Victor Nováček ne ya riƙe goge, abin bai yi kyau ba. Sibelius ya janye shi, ya datse, ya sake gini, aka kaɗa sabon a Balin a Oktoban 1905 da Karel Halíř, Richard Strauss yana jan ragamar makaɗa. Wannan sabon shi ne duniya ta sani. Tsohon kuwa iyalansa suka riƙe, ba a ɗauke shi a faifai ba sai 1991, lokacin da suka ba Leonidas Kavakos da Osmo Vänskä da makaɗan Lahti izini, kamfanin BIS ya fitar. Heifetz ya rasu a 1987.

Kada wani ya ce ai sai sabon shiga ake yi wa haka. Masana a Ingila sun shafe shekaru suna yabon faya-fayan mai fiyano Joyce Hatto, fiye da ɗari, waɗanda mijinta William Barrington-Coupe yake fitarwa. Sai a 2007, bayan rasuwarta, wani ya sa faifanta na kiɗan Liszt a kwamfuta, manhajar iTunes ta nuna sunan wani mai fiyano daban, László Simon. Da aka bincika aka tarar ɗaukar wasu mutane ce, an ja wasu an matse wasu. Dabarar da aka yi mini ke nan, sai dai nawa macucin ko wahalar buga faifai bai yi ba.

Don haka duk wanda ya zo muku da "ɓoyayyiyar ɗauka", ku tambaye shi rana da wata da shekara, da sunan zauren, da wanda ya ja ragamar makaɗa. Ni da na tambaya daga baya, cewa ya yi rubutun kwalin ya goge. Ku duba ko mai gogen yana raye a ranar. Kada ku yarda da ɗanɗanon daƙiƙa arba'in, cinikin biri a sama ne. Ku nemi aƙalla minti biyar a jere, ku jera shi da duk ɗaukar wannan mai gogen da kuke da ita, kuma ku fi mai da hankali kan wurin da yake kaɗawa shi kaɗai, nan ne ƙarar tef ba ta iya ɓoye komai. In ya ce ku biya shi a wajen dandalin, ko ya ce saura mutum biyu a rufe, ku bar shi da kayansa.

Na tura masa hoton layukan sautin biyu a jere na nemi kuɗina. Ya amsa da cewa kunnena ne bai ƙware ba, bayan awa ɗaya ya toshe ni. Na kai ƙara ga masu dandalin da hotunan, na kuma sanar da bankina, ko da yake sun ce tunda da hannuna na tura, da wuya kuɗin su dawo. A makon jiya tallar ta sake fitowa da sabon suna. Hoton kwalin tef ɗin bai canza ba, mai yagewa a kusurwar hagu, sai dai yanzu wai Oistrakh ne a ciki, kuma farashin ya koma dala 75. Duk wanda ya riga ya saya, ya yi mini magana, zan nuna masa yadda ake jera fayilolin, sannan mu haɗa ƙararmu wuri ɗaya.